Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana: Sharhi kan Ƙaro Ilimin Ma'aikatan Laburare

Sharhinmu na yau daga Auna yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Magama cikin masarautar Kontagora. Zai tsaya ne a kan wani ma'aikaci da ba a cika tunawa da shi ba idan ana lissafin masu ɗauke da ilimin 'ya'yanmu, wato ma'aikacin laburare na manyan makarantu.

Bari mu fara daga gida. Kowace shekara idan kaka ta yi, akwai magidanci a nan Auna, ko Salka, ko Nasko, ko Ibeto, da zai fitar da buhunan masara ko wake ko gyaɗa ya kai kasuwa don ya biya wa ɗansa ko 'yarsa kuɗin makaranta. Yarinya ta ɗauki jakarta ta nufi Kontagora, ko Minna, ko Lapai, ko Bida. Uban ya biya kuɗin rajista, ya biya na ɗaki, uwar ta haɗa mata garin tuwo da ƙuli-ƙuli da daddawa. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne littattafan da karatun yake bukata. Littafin kimiyya guda da aka buga a ƙasar waje yana iya cinye kuɗin buhu har ya nemi ciko. Saboda haka ɗan talaka ba shi da madogara sai laburaren makarantarsa.

To, ranar da malamin yarinyar nan ya ba ta batun da za ta rubuta kundin kammala karatu a kansa, abin nan da ɗalibai ke kira furojet, sai ta shiga laburare ta tsaya gaban tebur ta ce, "Malam, don Allah ina neman taimako." Mutumin da ke zaune bayan wannan tebur, a kansa muke magana. Idan ya san aikinsa irin na yau, cikin rabin sa'a zai kai ta kantar da littafin yake, ya zaunar da ita gaban kwamfuta ya koya mata yadda ake zaƙulo maƙalun masana na bana da na bara, ya bambance mata mujallar da ake dogara da ita da ta 'yan damfara. Idan kuwa iliminsa yana nan inda ya baro shi shekara 20 da suka wuce, zai nuna mata wata kanta mai ƙura ya ce ta duba can. Ta duba ba ta samu ba, sai ta fita bakin makaranta ta biya mai shagon kwamfuta ya kwafo mata aikin wani ya sauya suna. Ta fito da takardar shaida a hannu, kai kuwa wayam. Gobe ita ce malamar aji uku a firamaren garinmu.

Hausawa suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Laburare rijiya ce, ma'aikacinta shi ne guga. Sai dai kafin mu ga laifin guga, mu tambayi mai rijiya: yaushe rabon da ya ɗinke shi? Yaushe rabon da ya sauya masa igiya? Gugan da ya shekara ashirin yana shiga yana fita, ruwa kuma kullum ƙara nisa yake yi, in ya dawo da rabi ai ya yi ƙoƙari. Mu mutanen Auna mun fi kowa sanin wannan karatu. Shekara nawa muka yi muna jin labarin madatsar ruwan Auna a kan kogin Kontagora, muna ɗokin ranar da ruwanta zai ratsa gonakin rani? Tara ruwa aiki ne daban, kai shi gindin shuka aiki ne daban. Haka tara littattafai da kwamfutoci yake, in babu ƙwararren da zai kai su hannun ɗalibi.

Na taɓa kai ziyara wata kwaleji, ba sai na kama suna ba. Aka buɗe mini wani ɗaki a cikin laburarensu, na ga kwamfutoci jere reras, an lulluɓe kowace da ƙyalle, ƙura ta kwanta a kai har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Na tambayi wani dattijon ma'aikaci abin da ya faru. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan kwangila ya kawo, ya haɗa, ya koya wa mutum ɗaya cikinmu a yini guda. Wannan mutum ya samu aiki a wani wuri ya tafi. Tun daga ranar muke share ɗakin muna rufewa." Ya faɗi haka kansa a sunkuye. Wallahi ban ga lalaci a fuskarsa ba, kunya na gani, irin ta mutumin da aka damƙa wa amana ba a nuna masa yadda zai riƙe ta ba.

Masu sauraro, wannan sana'a tun farkonta da bita aka kafa ta a ƙasar nan. A shekarar 1953 hukumar UNESCO ta shirya wani taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu a Afirka. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, daga cikinta kuma ƙungiyar Najeriya, wato NLA, ta fito a 1962. Ibadan ce ta fara buɗe makarantar koyon aikin, da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka. A Arewa kuwa, gwamnatin Sardauna ta karɓi rahoton wani masani mai suna F. A. Sharr a 1963 kan bukatun yankin ta fannin laburare, sannan a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da wannan fanni, wanda shi ya fara ba da digirin farko a kansa a Najeriya. Jami'ar Bayero ta Kano ta biyo baya a 1977, ta Maiduguri a 1978. Da yawa daga cikin dattawan da suka riƙe laburarorin Jihar Neja daga waɗannan makarantu suka fito, kuma sun yi aiki tsakani da Allah.

Amma in kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Wanda ya koyi aikin a wancan zamani ya ƙware a buga katin katalogi da tafireta, ya jera shi a akwati bisa haruffa. Yau katalogi a kwamfuta yake, ɗalibi yana iya duba shi daga wayarsa. Ƙa'idojin rubuta bayanin littafi da aka daɗe ana bi tun 1978 an maye gurbinsu da sababbi da ake kira RDA, waɗanda suka fito a 2010, babban laburaren majalisar dokokin Amurka kuma ya koma kansu a 2013. Mujallun bincike da a da ake jiran su zo ta gidan waya bayan watanni, yanzu yawancinsu a intanet suke fitowa. Kundayen digiri da ake jibgewa a sito gara tana ci, yanzu ana ɗaukar hotonsu a adana a rumbun intanet na makaranta, ta hanyar manhajoji irin su DSpace. An samu mujallun bogi da ke karɓar kuɗin malami su buga masa komai ba tare da wani masani ya duba ba. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da ire-irensa sun shigo, suna rubuta wa ɗalibi shafi goma cikin ƙiftawar ido, wani lokaci har su ƙago sunan littafin da babu shi a duniya. Wa zai zauna da ɗalibi ya nuna masa yadda zai rarrabe tsaki da tsakuwa? Aikin ma'aikacin laburare ne, in shi ma an koya masa.

Mun kuma taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka sayi kaya aka manta da mutum. A shekarun 1990, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta yi amfani da rancen Bankin Duniya ta raba wa jami'o'in tarayya wata manhajar laburare mai suna TINLIB. Ba a jima ba ta tsaya cik a wurare da dama, saboda ƙarancin waɗanda suka iya sarrafa ta, da rashin kuɗin sabunta lasisi, da matsalar wuta. Bayan shekarar 2000 sai gidauniyoyin Carnegie da MacArthur suka tallafa wa laburarorin jami'o'i shida, cikinsu har da na Zariya da Kano da Jos. A wannan karon an haɗa sayen kaya da horo na tsawon shekaru, ƙwararru daga cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois suna zuwa suna zama da ma'aikata a wurin aikinsu. Darasin da ke ciki a bayyane yake: na'ura ba ta daɗewa sai in akwai hannaye da yawa da suka san ta.

Wannan magana ta fi shafar mu a wannan yanki yanzu fiye da kowane lokaci. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora, wadda aka kafa a 1978, ta horar da dubban malaman da ke koyarwa a garuruwanmu, kuma a 'yan shekarun nan an ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi ta tarayya. Abin alfahari ne, mun gode wa Allah. Amma sauya allon suna a bakin ƙofa aikin yini ɗaya ne. Laburaren jami'a yana ɗauke da nauyin da ya fi na kwaleji: malamai masu bincike mai zurfi, ɗaliban digiri, da sharuɗɗan NUC idan ta zo tantance kwasa-kwasai. Ma'aikatan da suka yi wa kwalejin hidima shekara da shekaru sun cancanci a ɗaga iliminsu kamar yadda aka ɗaga makarantarsu. Haka abin yake ga laburaren Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, da laburaren Abubakar Gimba na Jami'ar IBB da ke Lapai, da na kwalejojin kimiyya da fasaha na Bida da Zungeru, da na Kwalejin Ilimi ta Minna, da Kwalejin Aikin Gona ta Mokwa, da kwalejojin kiwon kifi da kula da namun daji da ke New Bussa, tsallaken ruwa daga nan.

To ina ƙofofin suke? Suna nan, sun ma fi yadda wasu ke zato yawa.

Ƙofa ta farko ita ce komawa aji. Mai difloma ya nemi digiri, mai digiri ya nemi na biyu, mai na biyu ya nemi na uku. A tsarin jami'o'inmu, ƙwararren ma'aikacin laburare a sahun malamai yake. Ba ya samun ƙarin girma sai da ƙarin karatu da rubuce-rubucen bincike, shugaban laburare kuma yana cikin manyan jami'an gudanarwa. Ba sai an yi nisa ba: jami'ar Minna tana da sashen koyar da wannan fanni, ga Zariya, ga Kano, ga kuma jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ga wanda iyali ko aiki ba za su bar shi ya yi nisa ba. Gemu ba ya hana ilimi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan sana'a. Doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, LRCN. Ita ke ba da shaidar cewa mutum ƙwararre ne, tana shirya bitoci, tana kuma bukatar wanda ya yi rajista ya ci gaba da sabunta iliminsa. Ƙungiyar NLA tana da babban taro kowace shekara, tana da reshe a Jihar Neja, tana kuma da sassa na musamman. Sashen masu katalogi da rarraba littattafai yana da bitarsa ta shekara-shekara, haka ma sashen fasahar sadarwa. A irin waɗannan tarurruka ne ma'aikaci daga Kontagora zai haɗu da takwaransa na Sakkwato ko Ilori, ya ji yadda suka warware matsalar da ta hana shi barci, su yi musayar lambar waya, zumuncin aiki ya ɗore.

Ƙofa ta uku ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ilimi na 1993, ana tara kuɗinsa daga harajin kamfanoni. Yana tallafa wa jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Cikin abubuwan da yake ba da kuɗi a kansu akwai bunƙasa laburare, da ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku ga malamai, da halartar tarurrukan masana. Ma'aikacin laburare ya san cewa ta hannun makarantarsa ake nema. Ya bi sanarwa, ya tanadi takardunsa, ya cika fom a kan lokaci. Haƙƙin da ba a nema ba, wani ne zai tafi da shi.

Ƙofa ta huɗu tana cikin aljihunka. Akwai wani shiri mai suna Research4Life da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i suka haɗa don makarantun ƙasashe masu tasowa su samu dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Ɓangarensa na lafiya, Hinari, ya fara a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na aikin gona, AGORA, ya biyo a 2003 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona. Makaranta ce ke yin rajista, mabuɗin shiga kuma galibi a hannun laburare yake, suna kuma da darussan koyon amfani da shi a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai AJOL, dandalin mujallun Afirka da ya fara a 1998. Akwai ƙungiyar laburarorin Afirka, AfLIA, da aka kafa a 2013 mai hedikwata a Accra, wadda ke gabatar da laccoci da kwasa-kwasai ta intanet, har da na koyon rubutu a Wikipedia. Akwai manhajar Koha ta tafiyar da laburare, wadda aka ƙirƙira a ƙasar New Zealand, ma'anar sunanta ma kyauta ce a harshen Maori. Ba a sayen lasisinta, abin da take nema kawai shi ne wanda ya iya ta. Annobar korona ta 2020, lokacin da aka rufe makarantu, ta nuna mana cewa mutum yana iya zama a ɗakinsa ya halarci bitar da ake yi a wata nahiya.

Ƙofa ta biyar ita ce mafi araha, ita kuma aka fi sakaci da ita: koyar da juna a cikin gida. A nan ba mu bukatar aron dabara daga ko'ina, domin muna da tamu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ba ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Jajojin 'Yan Taru, wato jagororin mata masu neman ilimi, su ne ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma garuruwansu su koyar da sauran mata. Da haka ilimi ya kai inda ƙafarta ba ta taka ba. Duk wanda makaranta ta tura bita jaji ne. In ya dawo ya ajiye satifiket a fayil ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci amanar waɗanda suka riƙe masa aiki yana can. A kuma tuna cewa koyon nan hanya biyu ce. Matashin da aka ɗauka bara ya fi dattijo sanin kwamfuta, dattijon kuma ya fi shi sanin tarihin kowace kanta da halin masu karatu da dabarar ɗinke littafin da ya yage. Da tsohuwar zuma ake magani. A zaunar da su tebur ɗaya.

Idan ƙofofi sun kai haka yawa, me ya sa har yanzu ake samun ma'aikacin da ya shekara goma bai taɓa halartar bita ko ɗaya ba? Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, don haka mu faɗe ta.

Na farko, rabon ba ya tafiya daidai. A wurare da yawa fuskoki uku ko huɗu ne ke zuwa kowane taro, su ne manya, su ne na kusa da ofis. Ƙananan ma'aikata, masu jera littattafai a kanta, masu ba da aro, masu ɗinki, masu tsaron ƙofa, ba a ko sa su a lissafi. Alhali su ɗalibi yake fara gani, kuma su yake tambaya, domin ba kowane ɗan aji ɗaya ke da ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofar shugaba ba.

Na biyu, wasu daga cikin masu zuwan sun mai da bita wurin karɓar alawus. A sa hannu da safe, a shiga kasuwa da rana, a dawo ranar rufewa a karɓi satifiket don ranar ƙarin girma. Wannan cutar kai ce, kuma cutar ɗaliban da aka hana abin da aka biya kuɗi don a kawo musu.

Na uku, nisa da halin hanya. Yawancin bitoci a Abuja ko Legas ko wani babban birni ake yin su. Mai tasowa daga wannan yanki zai lissafa kuɗin mota da masauki da kuɗin rajista, ya kuma lissafa fargabar hanyar Kontagora zuwa Tegina zuwa Minna a shekarun nan na rashin tsaro. Mace mai goyo ko mai ƙananan yara, nata lissafin ya ninka. Da yawa daga nan suke haƙura.

Na huɗu, wuta da intanet. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ma'aikaci zai shiga darasi ta intanet, ana tsaka da bayani wuta ta ɗauke, ko data ta ƙare, kuma daga albashinsa yake saye.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da magani. Ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, a jagorar da ta fitar a 2016, ta ba da shawarar a ware wa ma'aikaci kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin aikinsa don ƙaro sani. In ka lissafa, rabin yini ne a mako. Wace makaranta ce za ta rushe don ta ba ma'aikatan laburarenta rabin yini a mako, rukuni-rukuni, su zauna su koyi abu ɗaya sabo?

Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejojinmu: ku ware wa horar da ma'aikatan laburare layinsa a kasafin kuɗi, kada ya zama sai abin da ya rage. Duk kwangilar da za ku bayar ta sayen kwamfuta ko manhaja, ku sa sharaɗin a koya wa aƙalla mutum uku ko huɗu, a kuma dawo a duba su bayan watanni. Ku sa wa laburare sola da intanet mai ƙarfi kafin ku sauya labulen ofis. Kada kuma ku tuna da laburare sai ana saura mako biyu masu tantancewa su iso.

Ga shugabannin laburare: ku rubuta jerin sunaye ku manna a allo, kowa ya san yaushe layi zai zo kansa, tun daga mataimakinku har zuwa mai jera littattafai. Wanda ya je ya dawo, a ba shi mako biyu ya tara abokan aiki ya juye musu abin da ya samo. Wanda ya ƙi, a tsallake shi a zagaye na gaba.

Ga reshen NLA na Jihar Neja da hukumar LRCN: ku riƙa zagayawa da bita. Bana Minna, baɗi Kontagora, gaba Bida ko New Bussa. Kawo malami ɗaya Kontagora ya fi sauƙi a kan kwasar mutum talatin zuwa Abuja. Makarantun jihar kuma su riƙa musayar ma'aikata na mako biyu ko wata guda, wanda ya iya Koha ya je ya koya wa maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga sarakunanmu da 'yan majalisarmu da masu hannu da shuni na masarautar Kontagora: idan za ku yi wa makaranta alheri, gini yana da kyau, amma ɗaukar nauyin ma'aikaci biyar su ƙaro ilimi sadaka ce mai gudana. Akwai ma wata riba da ta shafe mu kai tsaye. Tarihin Umaru Nagwamatse da kafuwar Kontagora, da tarihin Kambari da harshensu da waƙoƙinsu, da labarin garuruwan da aka tasa lokacin da aka datse Kainji, da rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafakar malamanmu, duk suna hannun tsofaffi da tsofaffin takardu. Gidan Arewa da ke Kaduna ya daɗe yana adana irin wannan gado, ana iya zuwa can a koyo. Ma'aikacin da aka koya wa naɗar murya da ɗaukar hoton takarda da adana su, shi zai tsare mana wannan dukiya kafin mutuwa da gara su raba mu da ita.

Kai kuma ma'aikacin laburare, ɗan'uwana, ke ma 'yar'uwata, kada ku zauna jiran takardar gayyata. Wayar da ke hannunku makaranta ce. Sa'a ɗaya a mako da za a cire daga hira a ba wa darasi, a shekara ta haura sa'a hamsin. Ku yi rajista da hukumarku, ku shiga ƙungiyarku, ku tambayi na gaba da ku ba tare da jin nauyi ba, domin matambayi ba ya ɓata. Aikinku ba gadin littattafai ba ne. Malamai ne ku, ajinku kuma ya fi na kowa girma, tunda duk ɗalibin makaranta naku ne.

Iyaye, idan yaro ya dawo hutu, bayan kun tambaye shi sakamakon jarrabawa, ku tambaye shi sau nawa ya shiga laburare, kuma wa ya taimake shi a ciki. Ɗalibai, ku riƙa tambaya, domin tambayarku ce ke sa ma'aikaci ya tashi ya nemo.

Jama'a masu sauraro, magidancin nan da ya sayar da masararsa ya sauke nasa nauyin. Saura waɗanda aka damƙa wa rijiyar su gyara guga, su ƙara masa igiya, domin 'yarsa in ta zo ta sha ta ƙoshi, ta kuma ɗebo wa na baya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa masu yi masa hidima da alheri. A nan muka kawo ƙarshen sharhin namu na yau daga Auna.